Bishiyar da Doka ta Kare a Gidanka a Ingila: A Bar Ta, a Rage Ta, ko a Sare Ta?

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da darbejiya ko mangwaro a tsakar gida ya san yadda ake yi idan bishiya ta fara takura wa jama'a. Ana kiran mai gatari, a yi jinga, kafin la'asar rassa suna ƙasa, an kuma samu itacen girki. Bahaushen da ya sayi gida a Landan ko Manchesta, ya tarar da ƙatuwar bishiya a bayan gidan, zai iya ɗauka cewa tunda filin nasa ne, abin da ya tsiro a kai ma sai yadda ya ga dama. Idan akwai odar kariya a kan bishiyar, wannan zato zai iya kai shi gaban alƙali. Mallaka tasa ce, ɗawainiya tasa ce, idan reshe ya faɗa wa wani saboda sakacinsa shi za a nema, amma yanke ko da rayayyen reshe ɗaya sai da rubutaccen izinin ƙaramar hukuma, wadda mazauna can suka fi kira kansul.

Mai gidan da ke cikin wannan hali yana da hanyoyi biyar a gabansa: ya bar bishiyar yana sa mata ido, ya yi mata ɗan gyara, ya rage girman lemarta (wato rassa da ganyen da suka lulluɓe samanta), ya datse kanta, ko ya sare ta ya dasa wata. Ra'ayina, wanda zan kare a nan, shi ne cewa sara mai nauyi da mutane ke ɗauka a matsayin sulhu tsakanin bari da sarewa, shi ne ya fi jawo nadama, domin yana cin kuɗi ba ƙarewa, yana raunana bishiya, sau da yawa kuma bai magance abin da ya sa aka yi shi ba.

Abin da doka ta shimfiɗa

Odar kare bishiya, wadda za ka ga an taƙaita sunanta da haruffan TPO a takardun kansul, tana tsaye ne a kan Dokar Tsara Birane da Karkara ta 1990 da ƙa'idojin da aka fitar a 2012. Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa suna da nasu tsarin, saboda haka wa'adi da alƙaluman da ke nan na Ingila ne. Odar ta hana sarewa, da guntule kai, da yanke rassa, da tumɓukewa, da lahanta bishiya da gangan, kuma yanke saiwa yana ciki. Ana rajistarta a kan filin ne, ba a kan mutum ba, don haka takan fito a binciken da lauya ke yi lokacin sayen gida.

Neman izini kyauta ne. Kansul tana da mako takwas ta yanke shawara, idan ta ƙi kuma mai nema yana da kwana 28 ya ɗaukaka ƙara. Shirun kansul bayan mako takwas ba izini ba ne, sai dai ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. Izinin da aka bayar yakan yi aiki na shekara biyu. A unguwannin da aka keɓe don adana fasalinsu na tarihi akwai wani tsari na daban: duk bishiyar da kaurin gangarta ya wuce milimita 75, idan an auna a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, sai an ba kansul sanarwar mako shida kafin a taɓa ta. A can, idan wa'adin ya cika ba ta sa oda ba, aiki ya halatta.

Akwai sassauci kaɗan. Busasshen reshe a jikin bishiya mai rai ana iya cire shi ba tare da izini ba. Bishiyar da ta mutu ana sare ta bayan sanarwar kwana biyar na aiki a rubuce. Idan haɗari na gaggawa ne, mai iya yi wa mutane mummunan lahani, ana yin iya abin da zai kawar da haɗarin, a sanar da kansul da wuri, kuma mai gida ne zai tabbatar da cewa haɗarin gaskiya ne, don haka hotuna da rahoton masani su ne garkuwarsa.

Wanda ya halaka bishiyar da ke da oda, tarar da za a ci shi ba ta da iyaka, kuma kotu tana duba ribar da ya samu daga laifin. Ƙananan laifuka, kamar yanke rassa ba izini ba tare da an halaka bishiyar ba, tararsu tana kaiwa fam 2,500. A garin Poole da ke gaɓar kudu, a 2012, an ci wani mutum tarar fam 75,000, aka kuma karɓe wasu fam 50,000 a matsayin darajar da gidansa ya ƙaru, bayan ya sa an sare bishiyar maƙwabcinsa da ke tare masa kallon teku. Wanda ya sa aiki da wanda ya riƙe zarto duka ana iya gurfanar da su.

Ma'aunan da ya kamata a ɗora kowace hanya a kai

Ma'auni na farko shi ne ko hanyar tana magance ainihin ciwon. Duhun ɗaki, da reshen da ke gogar rufi, da ruɓa a gindi, da tsagewar bango, matsaloli ne daban daban, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan. Mai gida ya fara rubuta wa kansa a jimla guda abin da ke damunsa, domin ita ce jimlar da jami'in bishiyoyi na kansul zai nema a takardar.

Na biyu kuɗi ne, amma kuɗin shekara ashirin, ba na ranar aiki kaɗai ba. Na uku shi ne tsawon lokacin da aikin zai riƙe kafin a sake kiran ma'aikata. Na huɗu shi ne sauƙin samun izini. Jami'an kansul suna auna amfanin bishiyar ga jama'ar da ke ganinta daga titi da dalilin da aka kawo, kuma zubar ganye, da kashin tsuntsaye, da inuwa a kan lambu, ba kasafai suke karɓuwa a matsayin dalilin babban aiki ba.

Na biyar haɗari ne, kuma fuska biyu gare shi. Ta fuskar mutane, tsoro yakan fi gaskiyar lamarin girma. Hukumar da ke kula da lafiya da kariya a wuraren aiki a Birtaniya ta ƙiyasta cewa mutum biyar zuwa shida ne bishiya ko reshe ke kashewa a shekara a duk faɗin ƙasar. Wannan ba ya nufin a yi wasa da bishiyar da ta ruɓe a kan hanyar yara, sai dai yana nufin girma kaɗai ba hujjar haɗari ba ne. Ta fuskar bishiyar kuwa, ya kamata a san cewa ita ba ta warkewa kamar fatar mutum. Masanin nan na hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, ya nuna tun shekarun 1970 cewa bishiya killace rauni take yi, ta gina masa katanga daga ciki, ta lulluɓe shi da sabon itace daga waje. Ƙaramin yanka a daidai bayan kumburin wuyan reshe tana rufe shi cikin 'yan shekaru. Babban yanka a tsakiyar kauri kuwa ƙofa ce da aka buɗe wa ruɓa, kuma shafa masa fenti ba ya hana komai. Wannan fahimta ce ke ƙarƙashin ƙa'idar aikin bishiya ta Birtaniya mai lamba BS 3998, bugun 2010, wadda kusan kowace kansul ke sharɗanta a bi.

Hanya ta farko: a bar ta, a sa ido

Wannan ba zaman naɗe hannu ba ne. Ana kiran masani mai ba da shawara, wanda ba shi ne zai yi sara ba, ya duba gindi da ganga da mahaɗar manyan rassa, ya rubuta rahoto, ya faɗi lokacin da za a sake dubawa. Idan ya ga alamar naman gwari a gindi, wato tsiro irin naman kaza mai ruɓar da itace, ko ya ji amon kogo da ya buga guduma, akwai na'urori da ke auna ruɓar ciki ta hanyar sauti ko ta siririyar allurar haƙa, ba tare da an yi wa bishiyar wata illa mai yawa ba. Ana cire busassun rassa, wanda ba ya buƙatar izini. Idan ganga ta rabu biyu kuma mahaɗar ba ta da ƙarfi, ana iya ɗaure su da igiya ta musamman a can sama, amma a nemi ra'ayin kansul tukuna, a kuma san cewa igiyar ma tana buƙatar dubawa lokaci lokaci.

Kuɗin rahoto yakan tsaya a 'yan ɗaruruwan fam. Ribarsa ta fi kuɗinsa, domin rahoton yana nuna cewa mai gida ya yi abin da ake tsammani daga mai hankali, kuma shi ne hujjar da za a ɗora duk wata buƙata ta gaba a kanta. Raunin wannan hanya a fili yake: ba ta ƙara haske a ɗaki, ba ta kuma rage ruwan da saiwa ke sha a ƙarƙashin gini.

Hanya ta biyu: ɗan gyara

Ayyuka biyu ne ke shiga nan. Ɗaya shi ne ɗage lema, wato cire rassan ƙasa don a samu sarari; kansul da yawa sukan nemi kimanin mita biyu da rabi a kan hanyar ƙafa, da mita biyar da 'yan kai a kan titin mota. Ɗayan shi ne rage cunkoson ƙananan rassa a cikin lemar ba tare da an canja girmanta ba, kuma ƙa'ida ta ce kada abin da za a cire ya wuce kashi 30 cikin ɗari na ganye. Har da janye reshe daga jikin rufi ko taga da mita ɗaya ko biyu.

A ganina ɗage lema shi ne aikin da aka fi rainawa alhali ya fi biyan buƙata. Hasken da ke shiga ɗakunan ƙasa ta gefe yake zuwa, saboda haka cire rassa uku ko huɗu na ƙasa yakan haskaka falo fiye da rage tsayin bishiya. Yanka ƙanana ne, izini ba ya wuya, kuma reshen ƙasa da aka cire daidai ba ya dawowa da girmansa. Rage cunkoso kuwa amfaninsa gajere ne, domin bishiya takan cike gurbin cikin 'yan shekaru.

Hanya ta uku: rage girman lema

Nan ne aka fi samun saɓani tsakanin masu gida da jami'an kansul, har ma tsakanin masana su kansu. Aikin shi ne a gajarta rassan waje ko'ina, kowane yanka ya tsaya a kan wani ƙaramin reshe mai rai wanda kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wanda aka cire, ta yadda bishiyar za ta fito da siffarta ta asali amma ta ɗan ƙanƙance. Idan an yi shi da kyau, mai wucewa ba zai gane an taɓa ta ba sai ya lura.

Babban tarkon yana cikin lissafi. Ma'aikaci zai rubuta cewa zai rage kashi 30 cikin ɗari, mai gida ya sa hannu, ba wanda ya tambaya kashi 30 na mene ne. Rage kashi 12 na tsawon rassa ya kai kusan kashi 30 na cikar lemar baki ɗaya. Rage kashi 30 na tsawo kuwa yana kwashe kusan kashi biyu cikin uku na lemar, wato mafi yawan ganyen da bishiyar ke ci da shi. Wannan ne ya sa kansul da yawa ba sa karɓar buƙatar da aka rubuta da kaso; suna so a faɗi mita nawa za a cire, da tsayi da faɗin da za su rage bayan aiki. Mai gida ya dage a kan haka ko da kansul ba ta nema ba.

Jinsin bishiya yana da babban tasiri. Da sunayensu na Turanci, itacen oak, da laim mai yawan toho (ba lemun tsami ba), da filen da ya cika titunan Landan, suna jure ragi mai ma'ana. Itacen bic mai santsin bawo, idan ya manyanta, ba ya son a taɓa shi da yawa: bawon da ya saba da inuwa yakan ƙone idan rana ta buge shi, rassan da aka gajarta kuma su bushe su yi baya. Itacen ceri da danginsa ana gyara su ne a lokacin zafi, domin a kauce wa wata cutar naman gwari da ke shiga ta rauni a lokacin sanyi da danshi.

Inda wannan hanya ke da hujja sosai shi ne inda masani ya gano rauni a wani wuri takamaimai, kamar dogon reshe mai nauyi a kan rufi, ko ruɓar da ta rage ƙarfin ganga amma ba ta cinye ta ba. Rage tsawo yana rage ƙarfin da iska ke murɗa bishiya da shi, kuma ta haka tsohuwar bishiya kan ƙara shekaru masu yawa a tsaye. Inda ba ta da hujja shi ne inda dalilin kawai shi ne bishiyar ta yi girma. Lafiyayyar bishiya takan mayar da martani da toho mai sauri da kauri, bayan 'yan shekaru ta koma girmanta, inuwarta ma ta fi ta da duhu. Kuɗin aiki a kan babbar bishiya yakan tashi daga ɗaruruwan fam zuwa sama da dubu, kuma za a sake biyan sa, tare da sake neman izini, sai dai idan kansul ta amince tun farko da maimaita aikin a cikin izini guda, abin da doka ta ba ta damar yi kuma ya cancanci a roƙa.

Hanya ta huɗu: datse kai

Wanda ya ga yadda makiyaya ke sassabe rassan maɗaci ko gawo da rani don dabbobi, ko yadda ake yi wa kuka don ganyen miya, ya san siffar wannan aiki. A Ingila ma tsohuwar al'ada ce ta samun itace da abincin dabbobi, kuma a dajin Epping da ke gefen Landan har yau akwai bishiyoyin da aka yi wa haka ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Sirrinsa shi ne ana fara shi tun bishiya tana ƙarama, a riƙa komawa wuri ɗaya ana cire toho, har wurin ya zama dunƙule mai ƙarfi da ke tare ruɓa.

Saboda haka tambayar da za a yi ita ce ko an taɓa yi wa wannan bishiya haka. Idan laim ce, ko filen, ko wilo da ke da tsofaffin dunƙulen datsa, to komawa gare su kulawa ce ta gaskiya, kansul ma takan yarda, barin ta ma shi ne haɗari, domin tohon da ya daɗe yakan yi nauyi ya ɓalle daga mahaɗarsa. Idan kuwa babbar bishiya ce da ba a taɓa datsewa ba, abin da ake shirin yi guntule kai ne, ko da wane suna aka kira shi a takardar farashi. Manyan raunuka za su ruɓe, tohon da zai fito a bakinsu a bawo kawai yake maƙale, ba shi da tushe a cikin itace, kuma mai gida ya ɗaura wa kansa biyan ma'aikata duk bayan shekara biyu zuwa biyar muddin bishiyar tana raye. Ni ban ga hikimar mayar da lafiyayyar bishiya abin tsoro da kuɗin aljihun mutum ba, kuma da wuya jami'in kansul ya sa hannu a kai.

Hanya ta biyar: a sare, a dasa wata

Ita ce mafi tsada a rana ɗaya, ita ce kuma kaɗai ke rufe magana. A bayan gidan birni ba a kayar da bishiya gaba ɗaya. Hawa ake yi a sauke ta gunduwa gunduwa da igiya, wani lokaci har da motar ɗaga kaya, kuma idan ba hanyar fita sai ta cikin gida, kuɗi ya ƙaru. Babbar bishiya kusa da gini takan ci daga fam dubu zuwa dubbai, niƙe kututture kuma lissafinsa daban.

Izini a nan hujja yake bi. Idan an ce bishiyar ba ta da lafiya, sai da rahoton masani. Ruɓar saiwa da gindi, irin wadda wasu nau'o'in naman gwari ke yi wa itacen bic har ya faɗi yana ɗauke da koren ganye, dalili ne mai ƙarfi. Haka ma cutar da ke busar da itacen ash, wadda aka tabbatar da shigarta Birtaniya a 2012, idan ta ci ƙarfin bishiyar da ke kusa da hanya. Sai dai kamuwa da cutar kaɗai bai isa ba, domin wasu suna jure ta. Kansul takan sharɗanta a dasa wata, ta faɗi jinsi da girma da wuri. Idan matacciya ko mai haɗari aka cire, dasa madadinta wajibi ne na doka sai dai in kansul ta yafe, kuma sabuwar tana gadon kariyar tsohuwar. Wannan dama ce ta zaɓen jinsin da ya dace da girman filin, kuma ya fi kyau mai gida ya kawo shawararsa a cikin takardar tun farko.

| Hanya | Kuɗin farko | Yadda take riƙewa | Samun izini | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bari da sa ido | Kaɗan | Sai an riƙa sake dubawa | Ba a buƙata don dubawa da cire busassun rassa | Ba ta magance duhu ko tsagewar bango |
| Ɗan gyara | Kaɗan zuwa matsakaici | Ɗage lema yana daɗewa, rage cunkoso ba ya daɗewa | Mai sauƙi | Cire manyan rassan ƙasa yana barin rauni a ganga |
| Rage lema | Matsakaici zuwa mai yawa | 'Yan shekaru | Ya danganta da hujja da awo | Wuce gona da iri, da toho mai kauri |
| Datse kai | Matsakaici, amma mai maimaituwa | Shekara 2 zuwa 5 | Mai sauƙi ga wadda ta saba, mai wuya ga wadda ba ta saba ba | Ruɓa da ɓallewar toho |
| Sarewa da dasawa | Mafi yawa | Dindindin | Mafi wuya, sai da rahoto | Kumburin ƙasa a ƙarƙashin gini |

Idan bango ne ya tsage

Wannan ya cancanci a ware shi, domin lissafinsa ya sha bamban. Yawancin Landan da wurare da yawa a kudu maso gabashin Ingila a kan ƙasar yumɓu suke, irin wadda ke tsukewa idan ta bushe, ta kumbura idan ta sha ruwa. A shekarun zafi da ƙarancin ruwa, kamar 1976 da 2003 da 2018 da 2022, saiwar bishiyoyi masu yawan shan ruwa, musamman oak da wilo da fofla, takan busar da ƙasar da ke ƙarƙashin harsashin tsofaffin gidaje, wani sashe na ginin ya sauka, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa.

Abu na farko shi ne a sanar da kamfanin inshorar gida, ba mai zarto ba. Kansul ba za ta saurari zargin ba sai an kawo rahoton injiniya, da bayanin zurfin harsashi, da gwajin ƙasa, da tantance jinsin saiwar da aka tono, da awon motsin ginin na tsawon watanni da ke nuna yana sauka lokacin zafi yana ɗagowa lokacin sanyi. Bututun ruwan da ya fashe ma yana tsaga bango, kuma an sha zargin bishiya a kan laifin magudana.

Idan an tabbatar bishiyar ce, ɗan gyara ba ya amfani. Wani bincike da aka kammala a Ingila a 2004 ya nuna cewa rage cunkoson rassa ba ya rage bushewar ƙasa, kuma sai an kwashe mafi yawan lemar kafin a ga bambanci, shi ma na ɗan lokaci ne sai an riƙa maimaitawa. Zaɓin gaskiya a nan ya koma tsakanin sarewa da ƙarfafa harsashin ginin. Idan bishiyar ta girmi gidan, sai injiniya ya auna yiwuwar ƙasa ta kumbura bayan an sare ta, ta ɗaga ginin, wanda ɓarnarsa kan fi ta sauka wuyar gyara. Idan kansul ta ƙi ba da izini, sannan aka yi asarar da tun farko ana iya hango ta, doka ta ba da damar neman diyya cikin wata 12, muddin asarar ta kai fam 500.

Wanda za a ba aikin, da lokacin yin sa

Kowace hanya aka zaɓa, hannun da ya yi ta ne zai sa ta yi kyau ko ta lalace. A nemi farashi a rubuce daga mutum uku, a ga takardun ƙwarewa na hawa da riƙe zarto mai inji, da inshorar da za ta biya idan an yi wa wani ɓarna, da rajistar kwashe shara. Ƙungiyar masana bishiya ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1964, tana da jerin 'yan kwangilar da ta tantance. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce yana aiki a unguwar kuma ba sai an nemi izini ba, a sallame shi. Daga watan Maris zuwa Agusta tsuntsaye na sheƙa, kuma Dokar Namun Daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar da ake amfani da ita. Jemagu da maɓoyarsu ma suna da kariya mai tsanani, izinin kansul kuma ba ya ɗauke wannan.

Wace hanya ce ta dace da wa

Wanda damuwarsa tsoro ne kawai, duk daren iska ba ya barci, ya fara da rahoton masani, domin ko dai ya samu kwanciyar hankali ko ya samu hujjar da kansul za ta saurara. Wanda duhun ɗakunan ƙasa ke damu, ko reshe ke gogar rufinsa, ko motoci ke karo da rassa a ƙofar gida, ɗage lema da janye rassa daga gini sun ishe shi. Wanda rahoto ya nuna masa rauni a wani reshe ko a ganga, alhali bishiyar tana da sauran ƙarfi, rage lema da awon mita a rubuce shi ne nasa, ya kuma roƙi izinin maimaitawa. Wanda ya gaji laim ko filen ko wilo mai tsofaffin dunƙulen datsa, ya ci gaba da datsar a kan lokaci, ya sa kuɗinta cikin kasafin gida. Wanda gindin bishiyarsa ya ruɓe, ko injiniya ya tabbatar ita ce ke tsaga masa bango, ya nemi sarewa kai tsaye tare da shawarar abin da zai dasa, kada ya ɓata kuɗi a kan ragin da zai jinkirta maganar kawai. Wanda kuma bishiyar ta maƙwabci ce, rassanta ne suka ƙetaro masa, shi ma yana iya neman izinin da kansa, amma ko rassan da ke saman filinsa ba zai yanke ba sai takardar kansul ta iso hannunsa.